Faranti a Sama, Yoyo a Ɗaki: Abin da Ɗora Sola Ke Yi wa Rufin Gida a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abin da ke samun rufin gida bayan an ɗora masa farantan sola, ta la'akari da ire-iren rufin da aka saba da su a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, wato kwano da kankare da soron ƙasa. Ta nuna cewa nauyin faranti, wanda shi masu gida suka fi tsoro, shi ne mafi ƙarancin haɗari. Abin da ke cin rufi shi ne iska da huda da tsatsa da ƙafar mai hawa. Matsayar takardar ita ce ɗora sola aikin rufi ne kafin ya zama aikin lantarki, amma an bar shi kacokan a hannun wanda ya koyi waya bai koyi rufi ba.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya hau bene a Kano ko Kaduna ko Damagaram a yau ya dubi unguwa, zai ga abin da bai saba gani ba shekara goma da suka wuce: farantai masu duhu suna sheƙi a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, janareta ya zama ɗan lele mai tsadar ciyarwa. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane yunit. A Oktoban 2024 kuma jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu, bayan lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna. A Nijar ma, yanke wutar da Nijeriya ke ba ta a Agustan 2023 ya tura mutane da yawa kasuwar sola.

Cinikin da ake yi tsakanin mai gida da mai haɗa sola kusan duka a kan batir da inbata yake ƙarewa. Zai ɗauki firij? Zai kai asuba? Rufin da za a ɗora kayan a kansa ba ya shiga lissafi, sai ranar da ruwan Agusta ya fara ɗiga a kan katifa. Wannan rufin da aka manta shi ne abin nazarinmu.

2.0 Nauyi

Bari mu fara da abin da ya fi sauƙi. Babban farantin da ya cika kasuwa yanzu, mai wat 550, tsawonsa kimanin mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. In aka raba, kowace murabba'in mita tana ɗauke da kilo 11 ne kacal, in an haɗa da ƙarafan ɗauri ta ɗan ɗara. Faranti takwas da madauransu ba su wuce nauyin buhun siminti biyar ba, kuma a baje suke a fili mai murabba'in mita fiye da ashirin. Rufin da aka yi da katako mai lafiya ba zai ji wannan ba.

Sai dai kalmar “mai lafiya” ita ce ƙashin bayan zancen. Kafintocinmu da yawa suna jera katakon tu-bai-tu da tazara mai faɗi don kayan su isa, wani lokaci ɗanyen katako ne wanda zai bushe ya lanƙwashe, ba a kuma shafa masa maganin gara ba. Irin wannan rufi yana tsaye ne da ƙyar tun kafin sola ta zo. Nauyin farantin ba ya karya shi nan take, a hankali yake sa shi ya lotsa, kwano ya yi kwari, ruwa ya samu wurin kwanciya. Maganin wannan ba ya buƙatar injiniya: a buɗe silin a shiga da tocila a dubi katakon. Abin mamaki shi ne yadda ba kasafai ake yin hakan ba.

3.0 Iska

A nan tunaninmu yake juyewa. Muna tsoron abin da zai danne rufi, alhali abin da ke tafiya da rufi a ƙasar nan daga ƙasa yake ɗaga shi. Kowa ya san hadarin gabas na farkon damina, wanda guguwa da ƙura ke yi wa jagora kafin ɗigon farko ya sauka, kuma kowa ya taɓa ganin kwanon makarantar firamare a kwance a gonar maƙwabta.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin da iska ke yi a kan abu yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kanta: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Iskar da ke gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana yin ƙarfin da ya kai kimanin kilo 56 a kowace murabba'in mita. A kan faranti ɗaya irin wanda muka ambata, wannan ya kusa kilo 145, fiye da ninki biyar na nauyinsa. A gefen rufi da kusurwoyinsa da tsororuwarsa, inda iska ke murɗawa, zuƙar tana iya ninka wannan. Shi ya sa ƙa'idojin gini na ƙasashe da dama suka ware gefe da kusurwa da lissafi na daban, masu ƙera madauri kuma suke umartar a bar tazara daga bakin rufi.

Tambayar da ta dace ke nan ita ce: me farantin ya kama? In ƙusar ta shiga kwano kaɗai ba ta samu katako ba, to duk wannan ƙarfi a kan ɗan siririn ƙarfe yake, wanda a kwanon langa-langa mai araha kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba. In ta samu katako, sai a sake tambaya, shi katakon me ya kama? A gidaje da yawa, ɗan guntun rodi ko waya da aka lanƙwasa a kan bulo ne ke riƙe da rufin gaba ɗaya. Farantin da aka ɗaga shi a kan ƙafafu don ya fuskanci kudu ya zama kamar tabarmar da aka buɗe wa iska, kuma in ya tashi ba shi kaɗai zai tafi ba.

A nan zan ɗan yi ratse. Kano tana kan digiri 12 ne daga tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Zariya 11. Karkatar da ta dace da faranti a nan ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 ba, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ma ta arewacin kanmu take bi da tsakar rana. Saboda haka ribar da ake samu daga ɗaga faranti a kan dogayen ƙafafu ƙarama ce ƙwarai in aka gwada ta da haɗarin iska. A rufin kwano mai matsakaicin gangare, bin shimfiɗar rufin ya fi. Dogayen rufin nan masu tsini da aka yi yayi a sababbin unguwanni kuwa, ba su dace da rana ba, ba su dace da mai hawa ba.

4.0 Huda da Yoyo

Rufin kwano abu ne da aka yi shi don ruwa ya zame ya wuce. Kowace huda da aka yi masa, an karya wannan alkawari, sai an biya diyya da toshiya mai kyau. Jerin faranti takwas a kan dogayen ƙarafa biyu yana buƙatar wurin ɗauri goma sha shida zuwa ashirin, wani da ƙusa biyu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan mu da kanmu muke tsaga bangon, muna biyan kuɗin aiki.

Kafinta ya san abu ɗaya tun yana yaron shago: a kan tudun kwano ake buga ƙusa, ba a cikin kwarinsa ba, domin kwari hanyar ruwa ce. Mai haɗa sola wanda ba a koya masa haka ba yakan huda inda hannunsa ya fi sauƙin kaiwa. Wani kuma lalube yake yi: ya huda bai samu katako ba, ya matsa gaba ya sake hudawa, ya shafe ta farkon da ɗan silikon. Na taɓa shiga silin ɗin wani gida da rana tsaka bayan irin wannan aiki, hasken da ke shigowa ta hudojin da aka yi kuskure kamar taurari. Mai gidan bai sani ba, domin a cikin rani aka yi aikin. Wannan ma wani abin lura ne: a bazara, lokacin da zafi ya ishi mutane, aka fi ɗora sola, ga shi kuwa ba ruwan da zai tona asirin aikin sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Toshiya ma iri-iri ce. Wadda ta dace ita ce ƙusa mai zare da ke ɗauke da wasar roba irin ta EPDM, wadda ke jure rana shekaru da yawa, a ɗaure ta daidai, ba a matse ta har robar ta fashe ba. Silikon da aka dangwala a kai ba ya maye gurbinta. Akwai ma silikon mai warin tsami irin na binega, wanda yake fitar da asid yayin bushewa, asid ɗin kuma yana cin tutiyar da aka lulluɓe kwano da ita. Shi ne ya fi araha a kasuwa, shi aka fi saye. Kwalta da filashban kuwa suna toshe yoyo damina ɗaya ko biyu, sannan rana ta busar da su.

Abin da ke hana kowace toshiya zama lafiya shi ne motsi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana komawa da sanyi. Sandar alminiyom mai tsawon mita shida, in bambancin zafin rana da sanyin asuba ya kai digiri 40, tana ƙaruwa da milimita biyar da rabi. Baƙin ƙarfe rabin haka yake yi, katako kuwa kusan ba ya motsi ta tsawonsa. To ga abu uku an ɗaure su da ƙusa ɗaya, kowa na tafiyarsa, kullum sau ɗaya zuwa sau ɗaya dawowa. A shekara biyu ƙaramar huda ta zama doguwa. Masu ƙera madauri suna cewa a riƙa barin rata tsakanin dogayen sanduna saboda wannan dalili, amma mai walda da ya haɗa firam da ƙarfen kusurwa ya kama shi ƙam ba shi da labari.

Kwanon alminiyom da ake haɗa bakinsa a tsaye ana maƙale shi, ana iya kama shi da maƙata ba tare da huda ko ɗaya ba. Rufin asbesto na tsofaffin kwatas ɗin gwamnati kuwa, ra'ayina kada a taɓa shi sam: yana farfashewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma ƙurar da ke tashi in an huda shi tana haddasa sankarar huhu bayan shekaru.

4.1 Tsatsa

Wasu ƙarafa ba sa ga maciji da juna. In aka haɗa iri biyu mabambanta, danshi ya shiga tsakani, ɗaya yakan cinye ɗaya. Wayar tagulla tsirara ta layin ƙasa da aka shimfiɗa a kan kwanon alminiyom ko mai tutiya za ta bar masa tabo da rami. Firam ɗin baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti shafa ɗaya yana zubar da ruwan tsatsa a kan rufin. Ɓarɓashin ƙarfen da ya zube wajen huda, in ba a share ba, kowane ƙwaya ɗigon tsatsa ne.

Akwai kuma wata illa da masu rufi a Ostireliya da Niyu Zilan suka daɗe da sani. Ruwan sama da ya gangaro daga kan gilashi, ya riƙa ɗiga a wuri ɗaya a kan kwano mai tutiya marar fenti, yana wanke garkuwar da tutiya ke yi wa kanta, sai tsatsa ta fito a layi daidai bakin faranti. Mafi yawan langa-langarmu irin wannan kwano ne. Ɗan fenti a wannan layin kafin a ɗora faranti ya isa, amma sai wanda ya san da matsalar zai yi.

5.0 Kankare da Soro

Rufin kankare, wanda magina ke ce wa dakin, shi ya fi kowane dacewa. In kaurinsa santimita 15 ne, nauyin kansa ya kai kilo 360 a murabba'in mita, don haka faranti ba komai ba ne a wurinsa. Illarsa biyu ce. Ta farko, huda shi don kafa noti yana ba ruwa hanya zuwa ga rodi, rodi in ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Gara a zuba ƙananan dandamali na siminti a ɗaure firam a kansu. Ta biyu, firam da waya suna tare ganye da leda da ƙasa a bakin magudana, ruwa ya kwanta. Ruwan da zurfinsa santimita ɗaya ne kilo goma ne a murabba'in mita, amma ba nauyinsa ne abin tsoro ba, haƙurinsa ne wajen neman tsaga.

Soron ƙasa kuwa wani al'amari ne dabam, kuma littattafan da masu haɗa sola ke karantawa ba su san da shi ba. Maginan gargajiya, zuriyar sana'ar da ta fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sun gina rufi a kan azara ta giginya, suka ɗora ƙasa, suka rufe ta da fata mai hana ruwa ta makuba ko laso. Nauyi ba ya tsorata irin wannan rufi, domin ƙasa mai kaurin santimita 20 ta haura kilo 300 a murabba'in mita. Rayuwarsa tana kan abu biyu ne: a riƙa sabunta yaɓensa kafin damina, kuma ya riƙa bushewa bayan kowane ruwa. Faranti yana hana duka biyun. Magini ba ya iya kaiwa ƙarƙashinsa da yaɓe, inuwarsa tana riƙe danshi, ruwan da ya taru a kan gilashi kuma yana zuba a layi ɗaya yana haƙa rami maimakon ya bi gangaren da aka yi masa zuwa indararo. Ƙafar ƙarfe da aka soka a cikin ƙasa kuwa bututun kai ruwa ga azara ce. Azara tana jure gara, amma in ta daɗe a jiƙe ƙarƙashin ƙasar da ta yi nauyi da ruwa, labarin da ke biyo baya mun saba jin sa a rediyo duk Agusta. A kan soro, ƙaramin faranti da ake iya saukewa ne kawai zan lamunta.

6.0 Inuwa

Adalci ya sa a faɗi alherin. A 2011 Anthony Dominguez da Jan Kleissl na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, tare da Jeffrey Luvall, sun wallafa binciken da suka yi a kan wani gini na jami'ar. Sun samu cewa da rana, silin da ke ƙarƙashin farantai ya fi na fili sanyi da kimanin digiri biyu da rabi, kuma farantin da aka bar wa rata iska na ratsawa ya fi wanda aka manna amfani. Ga mai kwana ƙarƙashin kwano a Maiduguri cikin Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inuwar tana kuma kare fentin kwano daga ƙonewa.

Ratar tana amfanin farantin ma. Kowane digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25, yana asarar kimanin kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. Farantin da ya kai digiri 65, abin da ke faruwa in an kwantar da shi a jikin kwano, ya yi asarar kashi 14. Tazarar santimita goma ko fiye tana rage wannan. Amma ita wannan rata gidan tantabara ce da ƙadangare da ɓera, kashin tantabara kuma yana cin kwano.

7.0 Ƙafa da Waya

Kafin sola, rufin gida yakan yi shekara ba a taka shi ba. Bayan sola, ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana rufe gilashi cikin kwanaki, babu kuma ruwan da zai wanke ta daga Nuwamba har zuwa Afrilu ko Mayu. Dole a hau. Yaron da aka tura da bokiti da tsumma bai san inda katako yake ba, duk inda ya taka kwano ya lotsa, bakin haɗi ya buɗe, hular ƙusa ta ɗaga. Mutum mai kilo 60 a kan tafin ƙafa ɗaya ya fi faranti goma cutar da kwano. Kwano mai yashi a baya kuwa, yashin ne ke gogewa. Tsarin da bai bar hanyar tafiya tsakanin farantai ba, bai kuma tanadi doguwar sandar wanki daga kan tsani ba, ya riga ya yanke wa rufin hukunci.

Hawan nan yana da wata fuska da ta shafi zamanmu. A unguwannin da gidaje ke manne da juna, wanda ya hau rufi yana kallon tsakar gidan maƙwabta, shi ya sa a al'ada ake aikawa a sanar kafin magini ya hau. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara yanzu ya koma na kowane mako.

Sai waya. Wutar da ke fitowa daga faranti mai tafiya ɗaya ce, in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar ta gidan wuta, kuma muddin akwai rana ba a iya kashe ta daga tushe. Wayar da aka bari tana gogar kaifin kwano, ko aka zura ta cikin huda ba roba, ko mahaɗin da aka murɗa aka naɗe da salatif, duk suna zaune ne a kan busasshen katako da silin na roba. Wannan ba matsalar ƙananan masu aiki kaɗai ba ce: a 2019 kamfanin Walmart ya kai Tesla ƙara a Amurka kan gobarar da ta tashi a rufin kantunansa bakwai, daga baya suka sasanta.

8.0 Rufin Wane Ne?

Masu ƙera faranti suna ba da garantin aiki na shekara 25. Langa-langa mai araha ba ta da niyyar kaiwa nan, balle wadda ta riga ta yi shekara goma. In aka ɗora sabon faranti a kan tsohon kwano, za a biya kuɗin saukewa da na mayarwa ranar da za a sauya rufin, ga sababbin hudoji. Abin da ya kamata a tambaya tun ranar ciniki shi ne shekara nawa suka rage wa rufin, in sun gaza goma a fara da shi.

Wa zai yi wannan tambaya? Hukumar NEMSA tana ba masu aikin lantarki shaidar ƙwarewa, amma a kan lantarki. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 an tsara shi ne tun sola ba ta hau rufin talaka ba. Kafinta ya gama aikinsa ya tafi tun kafin a yi tunanin faranti. In yoyo ya zo, mai sola ya ce kwanon ne ya tsufa, kafinta ya ce da lafiyarsa ya bar shi. A gidan haya abin ya fi muni: ɗan haya ya huda rufin da ba nasa ba, ya tashi da farantansa, ya bar wa mai gida hudoji ashirin.

Ina ganin abu uku za su rage wannan ba tare da jiran sabuwar doka ba. Cibiyoyin horo, irin su NAPTIN da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin fasaha, su sa kafinta da magini cikin masu koyar da haɗa sola. Mai gida ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai damina ɗaya ta wuce, a rubuta haka a takarda. Yarjejeniyar haya kuma ta faɗi wanda zai toshe rufi ranar tashi.

Akwai kuma mafitar da tsarin gidanmu ya ba mu, wadda mai gida a birnin Landan ba shi da ita. Gidan Bahaushe yana da tsakar gida, sau da yawa da filin ƙofar gida. Rumfar ƙarfe mai ƙafa huɗu da aka kafa a kankare, aka rufe ta da farantai, tana ba da inuwar girki ko ta ajiye mota, ana wanke ta daga kan benci, ana karkata ta yadda rana ke so, kuma ɓarawo sai ya shigo gida kafin ya kai gare ta. Sharaɗinta shi ne a auna inuwar katanga da ta darbejiya daga hantsi zuwa la'asar, a watan Disamba lokacin da inuwa ta fi tsawo, kafin a haƙa ramin ƙafar farko.